Inda Ruwan Malam Sambo Yake Zuwa

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cewa aikin famfo ba komai ba ne illa yanka roba da shafa gam, ku gyara zama. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana bugun ƙirji wai shi a waya ya koya, ya kalli wani Bature yana haɗa bututu, kafin shayinsa ya huce ya gane komai. Madalla da shi. Amma Baturen nan ya gaya masa abin da zai yi idan bututun da yake bi ya shige gidan matan aure? Bai gaya masa ba, domin shi ma bai sani ba. Ni na sani, kuma a gaban alƙali na koya.

A Kano na koyi aiki, a hannun Oga Bitrus, wani mutumin Filato mai gajeren wuya da dogon faɗa. A lokacin babu wannan robar taku. Bututun ƙarfe ne mai nauyin tsiya. Ka yanka shi da zarto har kafaɗarka ta yi tsami, sannan ka ɗauko dais, wato ƙarfen da ake yi wa bakin bututu zare da shi, ka ɗiga baƙin mai, ka yi ta juyawa kana nishi. Idan zaren ya karkace ko da kaɗan, Oga ba ya zagi. Sai ya ɗaga bututun sama ya kira masu shagunan maƙwabta su zo su ga abin da na haifa. Wajen haɗawa kuwa babu farin tef. Rama muke tsefewa mu naɗa, mu shafa jan fenti, mu ɗaure da faif-renci, wato babban sufanan kama bututu, har sai ya yi ƙara. Haɗin da aka yi haka, ko gida ya rushe za a tsince shi a ƙasa yana nan yadda yake.

Babban abin da ya koya mini kuwa ba da hannu ake yin sa ba. Yakan kafa bakin sukundireba a jikin bututu, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Ya ce ruwan da ke tsaye shiru yake yi, wanda ke tafiya kuwa yana da ɗan kuka siriri, kuma wanda bai iya jin kukan nan ba mai fasa gidajen mutane ne kawai. Na daɗe ina yi masa dariya a ɓoye, har ranar da ni ma na ji.

Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka ce Dutse ce babban birni, Oga ya ce mu tattara kaya, arziki ya koma can. Mun tarar da gari yana neman inda zai ajiye baƙinsa. Ma'aikata na kwana a ofis, wasu kullum su yi sammako daga Kano su koma da yamma. Duk mai fili ya zama magini. A Takur gidaje suka yi ta tsirowa, kuma kowa so yake a ce nasa na zamani ne, famfo a tsakar gida, famfo a kicin, shawa a banɗaki, tanki a sama. Mun yi aiki har muna ƙin wani. Abu ɗaya ya rage, shi ne ruwan da zai bi ta cikin bututun. Shi sai ya ga dama yake zuwa, kuma ba ya yawan ganin damar.

Akwai gidan da na ɗaura wa kwamin wanke hannu, fari tas, na yi aikin da ni kaina na tsaya ina kallo. Bayan 'yan watanni maigidan ya aiko in zo. Na ɗauka yoyo ne. Da na je sai ya ce in cire kan famfon, wai yana takura wa kazar da ke kwanci a ciki. Na cire, kazar na harara ta, uwargida kuma na aiko da saƙo daga ɗaki cewa in yi a hankali, saura kaɗan ta ƙyanƙyashe.

Sai shekarar da ruwan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ku kuna tsammanin mugunyar shekara ga mai aikin famfo ita ce wadda komai ke fashewa. Ina! Wannan ai kaka ce. Mugunyar shekara ita ce wadda babu abin da zai yi yoyo, domin bututun da ba ruwa a ciki lafiyarsa ƙalau, ko da jaki ne ya haɗa shi. Oga Bitrus ya gaji da zaman kallon titi, ya bar mini faif-rencinsa da sukundirebar nan, ya koma gida noman dankali. Ni kuma na koma liƙe wa 'yan ga-ruwa jarkokinsu da wuƙa mai zafi. Mutumin da ya iya yanka zare a ƙarfe, ga shi yana bin masu kura yana tambaya ko akwai mai huji. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

A waɗannan shekarun ne mutanen Dutse suka koyi wata hanyar sayen gida da ba na jin ana yin ta a wani wuri. Mai saye zai zo da dillali da shaidu, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya duba rufi, sannan ya murɗa famfo. Ba abin da zai fito. Dillali ya ce, "Ai ba a kawo ba." Kowa ya gyaɗa kai, a yi addu'a, a shafa. Famfon da ke da bututu a bayansa da wanda aka dasa a siminti don ado, duk amsarsu ɗaya ce, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Aikin da nake son ku ji shi ne na gidan Malam Sambo, a farkon shekarun da aka dawo da shari'a. Malam Sambo akawu ne a wata ma'aikata, Bafulatani daga wata ruga ta wajen Kafin Hausa, siriri mai sanyin magana, irin mutumin da za ka taka ƙafarsa ya ba ka haƙuri. Ya sayar da shanun da ya gada don ya sayi gida a Takur, abin da danginsa suka ɗauka taɓin hankali ne. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ta daina amsa gaisuwarsa. Da abu ɗaya ya shawo kanta. Ya ce mata a gidan nan daga bango ruwa yake fitowa, ta gama jan guga ke nan har abada. Dada ta ja guga tun tana yarinya har bayanta ya ranƙwafa. Ta ce to, za ta zo ta gani.

Wanda ya sayar masa shi ne Alhaji Garba mai kwanon rufi, mutum mai farin gemu har ƙirji, wanda yake yawo da ɗan mataji a aljihu saboda shi. Babban gida gare shi, sai ya ja katanga ya raba shi biyu, ya sayar da sashen gaba wanda tankin ruwan gidan yake ciki, shi da iyalinsa suka zauna a na baya. Ranar ciniki Malam Sambo ya murɗa famfo, dillali ya faɗi abin da aka saba faɗa, kowa ya gyaɗa kai.

Malam Sambo ba wawa ba ne, ya san ba a dogara da ruwan titi. Tankin ya dogara da shi. Ranar da Dada ta tare, ya kira 'yan ga-ruwa suka yi ta hawa tsani da jarkoki har tankin ya cika ya tumbatsa. Ya kamo hannun tsohuwa ya kai ta gaban famfon tsakar gida, ya ce ta yi bisimilla ta murɗa. Ta murɗa. Famfon ko tari bai yi ba. Ya ce wataƙila iska ce a ciki, a bari zuwa gobe. Da gari ya waye tankin ya bushe ƙaf. Ya sake cikawa, ya sake bushewa. Dada kuwa sai ta tambayi matar maƙwabcinsu inda rijiya take a unguwar, kuma wannan tambayar ta fi zagi zafi a wurinsa.

Kafin a zo wurina sai da aka bi ta kan wani Ɗan'azumi, wanda da safe kafinta ne, da rana mai gyaran rediyo, da yamma mai aikin famfo. Ya ce yoyo ne a ƙarƙashin ƙasa. Ya fasa daɓen tsakar gida, bai ga komai ba. Ya fasa kicin. Ya fasa banɗaki, tayil ɗin da Malam Sambo ke nuna wa baƙi ya tashi a banza. Har ɗakin Dada ya shiga da diga. Abin da ya tono duka shi ne busasshen yashi da warin takalmin wani lebura. Karsana ɗaya da ta rage wa Malam Sambo a ruga, a wannan tonon ta tafi. Ranar da na shiga gidan na tarar da shi kamar gonar da aka yi wa huɗa, Dada na zaune a kan tabarma a gefen wani rami tana saƙa faifai. Na gaishe ta, ta amsa, ta ce, "Kai ma tono ka zo? Ka bar mini nan gefen, gero zan shuka."

Ban fasa komai ba. Ramukan Ɗan'azumi sun riga sun nuna mini cewa famfunan gidan duka a layi ɗaya suke, kuma layin titi ya nufa yana jiran ruwan gwamnati, bai taɓa gaisawa da tankin ba. Bututun tankin kuwa ya sauko ya shige cikin sabuwar katangar nan, daga nan ba a sake ganinsa ba. Na sa aka zuba ruwa a tanki, na kafa sukundireba, na ɗora kunne. Ga kukan nan siriri, ruwa na gudu abinsa. Ina cikin saurare sai na ji muryar wata mata daga bayan katanga tana cewa, "Ladi, fito da wanki, an kawo ruwa!"

Na ɗauki Malam Sambo muka sami Alhaji Garba a shagonsa. Mun tarar da shi yana ba mutane labarin yadda a duk Takur gidansa kaɗai ake kawo wa ruwa, wai don ya san manya. Na gaishe shi, na yi masa bayani cikin ladabi. Ya ciro mataji ya taje gemu.

"Ruwana na gwamnati ne," in ji shi. "Da na raba gidan na ce wa magini ya yanke bututun tanki, kuma ya ce ya yanke."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in shiga in duba, ba zan daɗe ba."

"Ka shiga ina? Ba ka iya karatu ba ne? Me aka rubuta a ƙofar gidana?"

"Ba shiga, Alhaji."

"To."

"To a bar ni in ɗan sassaƙi katangar ta wajen Malam Sambo."

"Katangar tawa ce, ba ta cikin ciniki. Duk wanda ya sa mata cizal zai san ya taɓa ni."

Na san abin da kuke shirin cewa, wai me ya hana in yanke bututun a gindin tanki in ja sabon layi. Wa zai sayi ƙarfen? Wa zai mayar da daɓen gida guda? Malam Sambo ba shi da sauran abin sayarwa sai kekensa. Kuma da zarar na yanke, hujja ta tafi. Mun ma gwada barin tankin babu ruwa na wani lokaci don Alhaji ya gane da kansa. Da muka koma sai ya ce, "An ɗauke ne, kamar na kowa. Yau kuka zo garin nan?" Mai unguwa ya sa baki, liman ya sa baki, Alhaji ya ce ciniki ya faɗa a gaban shaidu, mai saye da hannunsa ya murɗa famfo bai yi ƙorafi ba. Malam Sambo, wanda bai taɓa ɗaga wa ko akuya murya ba, ya wanke rigarsa ya kai ƙara kotun shari'a.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, mai tabarau a kan hanci. Ya saurari kowa, sannan ya yi bayanin da har yau nake maimaita wa masu sayen gida. Ya ce idan mutum ya sayi abu, daga baya wani aibi ya bayyana wanda yana nan tun kafin ciniki, kuma ba irin wanda ido ke gani a lokacin dubawa ba ne, to shari'a ba ta bar shi haka nan ba. Idan aibin babba ne yana iya mayar da abin a mayar masa da dukiyarsa, ko ya riƙe a biya shi gwargwadon abin da aibin ya rage. Amma wanda ya kawo ƙara shi zai kawo hujja. Sai aka kira ni a matsayin masanin aikin.

Alƙali ya ce, "Ka ga ruwan nan da idonka yana fita a gidan Alhaji?"

"Allah gafarta Malam, na ji shi da kunnena."

"Da kunne?"

"Ta sukundireba."

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali ya ce in miƙo ta. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa magatakarda, shi kuma ya kafa ta a ƙafar tebur ya ɗora kunne, ya ce shi ba ya jin komai sai gara. Aka sake fashewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ji na yi kamar Oga Bitrus ake yi wa dariya.

"Ban ƙaryata ka ba," in ji alƙali. "Amma ba zan fasa katangar mutum in shigar da maza kan iyalinsa da shaidar sukundireba ba. Tunda mai ƙara ba shi da wanda ya gani, rantsuwa ta hau kan Alhaji. A zama na gaba zai rantse cewa ruwan da ke zuwa gidansa ba na tankin nan ba ne. Idan ya rantse, magana ta ƙare."

Matsalar ita ce Alhaji zai rantse, kuma da zuciya ɗaya, domin shi har ga Allah ya yarda manya ne ke turo masa ruwa. Da yammacin ranar na raka Malam Sambo gida. Ya zauna a bakin ramin da a da kicin ne, ya haɗa kai da gwiwa. Ba shanu, ba ruwa, ba daɓe, ga uwa ya rabo da mutanenta a kan alkawarin da bai cika ba. Na ji tausayinsa ƙwarai. Dada na gefe da kabarta da 'yan ƙulle-ƙullen rininta, ba ta ko ɗaga kai ba ta kira ni.

"Kai mai ƙarfe. Ruwan nan idan ya shiga tankinku, canza kama yake yi?"

"A'a, Dada. Yadda ya shiga haka yake fita."

"To." Ta ci gaba da saƙa. Can ta ce wa ɗanta, "Jajiberin ranar kotu ka kira masu ruwa su cika shi."

"Dada, mu sake shayar da su? Ai ya isa haka."

"Bingel, ka kira su."

Idan ta kira shi da wannan sunan, wato yaro, ba ya sake musu.

Ranar rantsuwa kotu ta cika, don labarin sukundireba ya zaga gari. Alhaji Garba ya shigo a makare, da rawani, ya ja amawali har kan hanci, hannayensa a cikin babbar riga. Duk zamana a Dutse ban taɓa ganinsa da rawani ba. Alƙali ya tambaye shi ko yana da alwala, ya gyaɗa kai. Ya ce to ya sauke amawalin don a ji lafazinsa sosai. Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Aka maimaita. Ya waiwaya hagu da dama, sannan ya sa hannu ya ja ƙasa.

Jama'a, gemun nan da ake yi wa mataji ya koma ruwan hoda, irin na alawar yara. Ba gemun kaɗai ba. Girarsa, tafin hannunsa har gwiwar hannu, kunnuwansa, duk inda ruwan alwala ke taɓawa ya ɗauki launi, ba a tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Wani dattijo a bayana ya ce, "Kai, Alhaji ya iya alwala." Magatakarda ya shige ƙarƙashin tebur wai biro ya faɗi. Alƙali ya ɗaga wani babban littafi ya kare fuskarsa, littafin na rawa.

Alhaji ya fusata. "Ku yi dariya! Ai ga hujjata nan a fuskata. Allah gafarta Malam, wani magani suka zuba a ruwan gwamnati. Da asuba na yi alwala ba wuta, ban san abin da ke faruwa ba sai da gari ya waye na ga sahu guda kafaɗunsu na rawa. Fararen kayana da aka jiƙa duk sun lalace. Idan ruwan ga-ruwa ne, wa ya taɓa ganin ruwan ga-ruwa mai launi?"

Sai aka ji motsi daga bencin mata. Dada ce ta miƙe, a ranƙwafe, tana dogara sanda. Ta nemi izini aka ba ta. Ta ajiye faifanta a gaban alƙali, mai zanen ruwan hoda. Ta kwance bakin zane ta ajiye takardar galura wadda ba komai a ciki. Sannan ta buɗe tafin hannunta ta ɗaga kusa da gemun Alhaji. Launi ɗaya ne, babu bambanci.

"Allah ya ba ka nasara," ta ce, "ni ban san shari'a ba. Amma mu idan tumakinmu suka shiga cikin na wani a bakin rijiya, ba ma tsayawa musu. Shaida muke dubawa a jikinsu. Jiya masu ruwa sun ajiye jarkokinsu suna hutawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa wa ruwan ɗana shaida. Ga shi ya zo kotu da kansa."

Da aka samu kotu ta lafa, alƙali ya goge tabarau ya juya ga Alhaji ya tambaye shi ko har yanzu zai rantse. Alhaji ya daɗe yana kallon hannayensa. A nan na ga mutumin yana da tsoron Allah, duk da taurin kansa. Ya ce, "Allah ya tsare ni. Da ban sani ba, yanzu na sani. Ba zan rantse ba." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ashe manyan nan ba su san da ni ba."

A ranar alƙali ya tura ni da wani mai aikin famfo, don shaida ta zama ta mutum biyu, tare da masinjan kotu. Aka shigar da matan Alhaji ɗaki aka saki labule, muka yi sallama muka shiga. Tsakar gidan kamar an yi rini, bokiti, buta, tukunya, har wata farar kyanwa. Na sa cizal a katanga, ban yi nisa ba ga bututun nan ya ratsa ta sambal. Maginin bai yanke komai ba, shafe kawai ya yi a kai ya kama gabansa.

Hukunci bai yi wuya ba. Alƙali ya ce aibi ne ɓoyayye, ya riga ciniki, kuma babba ne. Malam Sambo ya zaɓa: ko ya mayar da gida ya karɓi dukiyarsa, ko ya riƙe, Alhaji ya ɗauki nauyin jan sabon layi da mayar da duk daɓen da aka fasa wajen nema. Malam Sambo ya juya wajen uwarsa ya durƙusa.

"Dada, mu mayar. In sayo miki shanu mu koma gida."

"Waɗanne shanu? Namu an loda su a tirela an yi kudu da su, an cinye tuni. Waɗanda za ka sayo ba su san muryata ba." Ta gyara riƙon sandarta. "Ka ce mini ruwa zai fito daga bango. Ban gani ba tukuna."

Sai alƙali ya tambayi batun ruwan da gidan Alhaji suka sha a baya. Dada ta ce su a wurinsu ba a bin mutum ruwan da ya riga ya sha. Ta kuma ce kada a yanke bututun, matan can da 'ya'yansu ba su yi mata laifin komai ba, kuma ita ta san abin da ake kira ɗaukar ruwa a ka. A bar tanki ya shayar da gida biyu, Alhaji ya cika wannan karo, ɗanta ya cika na gaba. Sharaɗinta ɗaya ne, makullin buɗewa da rufe ruwan layin Alhaji ya zauna a ƙofar ɗakinta. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da kamar gemunsa, ya rufe.

Ni na yi aikin, kuma da ƙarfe na yi shi, da rama da jan fenti, kamar yadda aka koya mini. Na sauko da bututu daga tanki na raba shi biyu, reshe ɗaya ya zaga famfunan Malam Sambo, ɗayan ya bi ta gefen ƙofar Dada kafin ya shige katanga. A nan na ɗaura makulli mai jan kai zagayayye kamar sitiyarin mota, daidai inda hannunta zai kai tana zaune. Ranar da na gama, Malam Sambo ya sake kai ta gaban famfon tsakar gida. Ta yi bisimilla ta murɗa. Famfon ya yi tari, ya yi atishawa, sannan ruwa ya ɓalle, da ɗan sauran launi a cikinsa. Ta tara hannu ta daɗe tana kallon yadda yake zuba ta tsakanin yatsunta. Malam Sambo ya juya baya yana goge ido da hula. Ni ma sai na kama tattara kayan aikin da na riga na tattara.

Shi ya sa idan kuka zo mini da zancen gam da roba nake kallonku kawai. Haɗa bututu kowa ma zai iya. Kafin ka ɗaga guduma a gidan mutum, ka san inda ruwansa yake zuwa, ka san katangar wa za ka taɓa, ka san ƙofar da ba za a bar ka ka shiga ba. Idan kuma za ka raka wani sayen gida aka ce maka ba a kawo ba, ka ce to, ka kira mai kura ya zuba jarka biyu a tanki, ku tsaya ku gani.

Gemun Alhaji ya daɗe bai koma fari ba, ƙarshe sai da wanzami ya rage shi. Bayan 'yan watanni na koma gidan da hantsi don in duba haɗin ko yana gumi. Ina durƙushe a gindin tanki sai na ji gyaran murya daga bayan katanga, irin na mutumin da ya daɗe a tsaye.

"Dada, jam waali? An tashi lafiya?" Har gaisuwar Fulatanci ya koya. "A taimaka a buɗe mana, zan yi alwala."

Dada na zaune da ƙwaryar kununta. Sai da ta kurɓa, ta ajiye ludayi, ta goge baki, sannan ta ɗora hannu a kan jan makullin ta ɗaga murya.

"Alhaji, yau wane launi kake so?"